Namijin Dabinon Baba

Satin da ya wuce aka yi sunan ɗan ƙanena, aka raba dabino a ƙullin leda, busasshen nan da ake kawowa daga Nijar, wanda sai ka jiƙa shi da yawu kafin haƙori ya shige shi. A tasha aka sayo shi a Malumfashi. Aka miƙo mini nawa ƙullin na karɓa, don liman na zaune kuma ba a zo suna don rigima ba. Amma tun daga ranar abinci bai yi mini daɗi ba. A zauren Babanmu fa aka raba shi, zauren da a da mutanen gari ke shigowa da ƙwarya cike da dabinon gidajensu. Abin da ke cina zan faɗe shi, wanda zai ji haushi ya ji.

Garinmu ƙarami ne, a gefen hanyar Dayi, da fadama ta gabas da shi. Lokacin da na tashi, gidan da duk ya kwana biyu a garin yana da macen dabino, wata a tsakar gida, wata a bakin lambu. Namiji kuwa ɗaya ne tak a duk garin, yana tsaye a ƙarshen gonar Baba inda tudu ya gangara fadama. Yaran yanzu ba su san wannan ba, don haka bari in faɗa musu: dabino akwai mace akwai namiji. Mace ce ke 'ya'ya. Namiji fure kawai yake yi, fari, mai gari kamar an barbaɗa masa tsaki. In ba a ɗebo furen nan an kai wa mace ba, za ta fitar da nono, ta yi 'ya'ya, amma ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙi, su yi ta zubowa ƙasa ko akuya sai ta shinshina ta wuce.

Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar wurin. Iska in ta shiga ganyensa sai ka ce ana jan sabuwar tabarma a kan siminti. Kurciyoyi a sama, jigon masu lambu yana kuka a ƙasa, Baba yana wasa barandami a kan dutse yana tari. Aikinmu ni da Auta, ƙanena ke nan, shi ne ban ruwa da rani da kai taki. Ba a zuba takin a jikin gindi. Sai mun ja baya kamar tsawon mutum mun haƙa zobe mun zuba, mun rufe da ƙasa, don Baba ya ce bakin dabino ba a ƙafarsa yake ba, can nesa saiwoyinsa ke kiwo. Ɗanyen kashin shanu kuwa ko kusa, sai wanda ya shekara ya huce. In muka yi ganda muka juye masa a gindi muka gudu, da yamma sai Baba ya zo ya tsaya a kai, ya kira mu, mu kwashe da hannu.

Shi Baba ganyen yake karantawa kamar yadda malam ke duba allo. In na ƙasa, tsofaffin, suka yi rawaya suka sunkuya, ba ya ko ɗaga kai, ya ce tsufa ne, a bar su su bushe ƙarau kafin a sare. In rawayan ya hau zuwa na tsakiya, bakin ganye ya ƙone, ya ce yunwa ce ko ƙishi, a ƙara taki da toka, a ba shi ruwa mai yawa lokaci guda, ba ɗan yayyafin kullum ba. In kuwa ruwa ya kwanta a gindi da damina har ƙasa ta fara wari, sai mu ja masa hanya ya wuce fadama. Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi: ɗanyen reshe. Ya ce dabino zuciya ɗaya gare shi, a can ƙoli, inda sabon ganye ke fitowa a tsaye kamar mashi. Mangwaro in ka sare shi ya yi toho ta gefe. Dabino in zuciyar nan ta mutu, shi ke nan, sai dai azabar kallon gawarsa a tsaye. Kuma duk inda aka sari ɗanyen reshe, ƙofa aka buɗe wa ƙwari, don ƙamshin ruwansa ke kiransu.

In sanyi ya fara ja baya, sai kuben furen namijin ya tsage. Tun daga bakin hanya za ka ji ƙamshin. A lokacin zaurenmu ba ya rabuwa da sallama. "Malam, tawa ta buɗe, a sammana fure." Baba ya yanko 'yan silla ya naɗe a ganye ya miƙa. Mai ita ya hau, ya soka su a tsakiyar nonon macen a kife, ya ɗaure da zare sako-sako. Gidan da ba wanda zai hau, kamar gidan Gwaggo, ƙanwar Baba da mijinta ya rasu ya bar ta da matan dabino biyu a tsakar gida, mu ke zuwa mu hau mata. Ba a sayar da furen nan. Wani baƙo ya taɓa sa hannu a aljihu, Baba ya dube shi ya ce, "Mayar. Ni ma ban saya ba." Abin da aka saba shi ne in bazara ta yi dabino ya nuna, ƙwaryar farko daga kowace mace zaurenmu ake kawo ta. Ba wanda ya rubuta wannan, ba wanda ya taɓa zuwa karɓa, amma ba ta taɓa fashi ba. Da shi ake buɗa baki in azumi ya faɗo kusa, da shi ake ɗaurin aure, kuma duk jaririn da aka haifa a gidanmu, Baba ke tauna dabinon Gwaggo ya shafa masa a dasashi kafin ya san ɗanɗanon komai. Ni da shi aka yi mini. Auta ma da shi.

Shekarar da gemu ya fara fito mini, namijin ya kamu. Sababbin ganyen suka riƙa buɗewa a yayyanke, kamar tela ya bi su da almakashi. A gindi kuma ga wani tattaunannen zare yana faɗowa daga sama. Baba a lokacin bayansa ya riƙe, ko ruku'u da ƙyar yake yi. Ya zagaya itacen, ya ɗauki zaren ya murza ya shinshina, sannan ya manna kunnensa a jikin kututturen ya daɗe. Ya ɗago ya ce, "Alhamdu lillahi, ciki shiru. Ƙwaron nan mai ƙaho ne, yana sama. Kai za ka hau."

Na saba hawan matan, gajeru ne. Wannan kuwa in ka tsaya a ƙasa ka dubi kansa hularka sai ta faɗi. Na ce, "Baba, a kira masu hawan giginya mana."

"Su ne za su gaje shi?"

Ya ɗaura mini igiya a ƙugu da hannunsa, ya lanƙwasa wayar ƙafar keke ya yi mata ƙugiya, ya sa mini a baki. Auta ya tsaya a ƙasa da ƙwaryar yashi da toka, an ɗaura mata wata igiyar da zan ja. Na hau. A ƙoli ƙayoyin gindin reshe suka yi mini maraba, ɗaya ta shige mini nan a damtse, tabon na nan har gobe. Na sami ramin a gefen zuciyar, babban yatsa zai shige. Na zura wayar a hankali, Baba na ƙasa yana ɗaga murya, "Kar ka soki zuciyar! Bi gefe! In ka ji tauri, juya ka ja!" Na ji tauri, na juya, na ja. Sai ga shi, baƙi wuluk, mai sheƙi, da ƙaho ɗaya a goshi, yana wutsil-wutsil da ƙafafu. Na jefo shi ƙasa. Auta ne ya taka shi da dunduniya yana ihu yana tsalle, "Na kashe ɓarawo! Baba, na kashe ɓarawo!" Na jawo ƙwaryar na cika ramin da yashi da toka, na zuzzuba sauran a tsakanin rassan, don yashi in ya shiga wuyan ƙwaron ba ya iya sake haƙa. Da na sauko Baba bai ce sannu ba. Ya nuna mana jujin da ke bayan gona ya ce a can uwarsu ke ƙwai. Muka wuni muna juya juji muna tono gwazarma, fararen tsutsotsin nan masu kauri, kaji na binmu suna shagali. Da yamma ya kamo kunnen kowannenmu ya manna a jikin itacen.

"Me kuka ji?"

Muka ce ba komai.

"To haka nake son ku riƙa ji. Mai ƙaho ana ciro shi. Amma akwai wata tsutsa da ke shiga ta inda aka yi masa rauni, ta ci shi ta ciki. Ran da kuka sa kunne kuka ji ana tauna, ku yi salati kawai."

Na faɗi wannan ne don kowa ya sani: Auta yana wurin. Kunnensa ɗaya Baba ya riƙe, nawa ɗaya. Ba jahilci ba ne ya sa shi yin abin da ya yi.

Baba ya rasu, aka raba gona, igiyar masu rabo ta bar namijin a ɓangaren Auta. Zamani kuma ya juya. Yanzu kowa masara da waken suya, kowa tarakta, kowa da tankin feshi a baya kamar ɗan goyo. Ba mai noman fartanya, ba mai haƙurin abin da zai shekara bai ba shi komai ba. Ɗorawa ta tafi, kaɗanya ta tafi, giginyun bakin rafi an mai da su azara. Mutanen gari su ma ba zan wanke su ba. Suna zuwa karɓar fure, ni nake hawa in yanko musu, amma ƙwaryar farko sai ta fara zuwa rabi, daga baya ta koma ɗan kwano a hannun yarinya, daga baya sai "Allah ya saka" a bakin masallaci. Gwaggo kaɗai ce ba ta fasa ba, ita da dabinon nan biyu ne cinta da sabulunta.

Bara bayan girbi na gangara fadama na tarar da gindin namijin baƙi ƙirin. An tara karan masara an jingina masa an sa wuta. Na ɗaga kai, sai na ga an yi masa aski: ɗanyun rassa an sassare su kaf, an bar masa 'yan tsiraru a ƙoli kamar tukkun yaro. Auta na can gefe yana ɗaure buhu a kan babur.

"Auta, wa ya sa wa dabinon nan wuta?"

"Wuta kuma, Yaya? Kara na ƙona. Iska ce ta kai ta wurin."

"Iskar ce ta kwashi karan ta jingina masa? Iskar gonarka hannu gare ta?"

Ya yi dariya, irin wadda yake yi tun yana yaro in an kama shi da hannu a tukunya. "Rassan kuwa yaran mai shayi ne suka roƙa za su yi rumfa. In hana su?"

"Ɗanye? Kai da aka riƙe wa kunne?"

Sai ya saki igiyar buhun ya juyo. "Yaya, mu yi maganar gaskiya. Itacen nan me yake ba ni? Dubi inuwarsa, duk masarar da ke ƙarƙashi ba ta wuce gwiwa. Mai tarakta duk shekara sai ya yi mini tsiya, wai yana kewaye-kewaye mansa na ƙonewa. Tun da aka haife ni ƙwaya ɗaya ya taɓa yi?"

"Wanda ka ci tun kana yawo ba wando, daga sama ya faɗo?"

"Daga gidajen mutane ya fito. Su ke da matan, su ke sayarwa. Ni aka bar wa ƙato ina ciyarwa. Yaushe rabon da ka ga ƙwarya a zaure?"

Nan ya same ni, don gaskiya ce. Na haɗiye na ce to, ya bar mini wurin da itacen yake, in ba shi madadinsa daga gonata ta tudu, inda tarakta ke tafiya miƙe. Ya ce sai ya yi shawara. Shawarar da har yau ba a gama ba. Ai na gane lissafinsa. Ba zai sa gatari ba, don duk garin za a ce ɗan Malam ya sare namijin dabino. Amma in wuta ta lashe shi, yara suka yi masa aski, maganin ciyawa ya riƙa sauka a saiwarsa, sai a ce ajali ne.

Na yi abin da zan iya. Na kankare inda ya ƙone na shafe da laka. Na haƙa zobe na zuba tsohon taki, na riƙa kai ruwa a jarka a bayan keke, ni da furfurata, a gonar da ba tawa ba, matasa na wucewa a babur suna cewa, "Baba, lambu aka fara?" Sanyi ya shigo har ya fara ja baya, na sa ido in ga kube. Shiru. Sai wani ruwa ja-ja ya fara tsattsafowa daga inda aka sassare rassan, yana wari kamar ƙullun da ya kwana uku. Gwaggo ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ƙarƙashin matanta da carbi, idonta ya yi rauni amma hancinta lafiya lau.

"Kai, bana ban ji ƙamshin furen ba. Nawa kuwa sun fara kumbura."

"Ya ɗan makara ne, Gwaggo."

"Kar ka yi mini maganar asibiti. Ka sa kunne?"

Ban sa ba. Tsoro nake ji. Washegari da hantsi na je na manna kunnena a jikinsa, daidai inda Baba ya manna mana. Ƙurus, ƙurus, ƙurus. Kamar ana cin ɗanyen rogo a cikin ɗaki an rufe ƙofa.

Duk da haka na koma gida na ɗauko igiya. Mai ɗakina ta tare ƙofa. "Malam, da wannan gwiwar? In ka faɗo, dabinon ne zai riƙe mana gidan?" Na ce ta matsa. Na ce wataƙila ba su kai zuciyar ba, wataƙila a ƙwaƙule a zuba magani. Na hau ina hutawa a hanya, numfashi na fita kamar zugazugi. Da na kai ƙoli na kama sabon ganyen tsakiya, mai kama da mashi, na ɗan ja shi kaɗan don in gwada. Sai ya biyo hannuna gaba ɗaya, sululu, kamar an zare ruɓaɓɓiyar albasa. Gindinsa ya zama kunu. Warin ya bugi fuskata. A cikin ramin ga tsutsotsin nan, farare, masu jan kai, sun yi ƙiba, suna motsi. Na daɗe a rataye a wurin. Daga can sama ana ganin garin duka, ana ganin kan kowace macen dabino ta leƙo ta saman katanga.

Na sauko da ganyen a kafaɗa. Auta ya zo duba gona, baburinsa na jingine. Na shimfiɗa masa shi a kan sirdin, ruwan na ɗiga. Ya buɗe baki, na ce, "Kar ka ce mini Allah ya kawo. Ka yi shiru kawai."

Na hau motar haya har wajen Danja neman fure, don an ce akwai namiji a wani ƙauye. Na tarar babu shi, an yi shagon cajin waya a wurin. Wani ya ce in gwada gaba, na gwada, wanda na samu ya riga ya gama zubar da garinsa. Matan Gwaggo suka buɗe, suka yi fari tas, suka jira, suka gaji. Haka na sauran gidajen. Sai a lokacin mutane suka tuna hanyar zaurenmu. "Malam, wai me ya sami namijin nan?" Na ce su je su tambayi ƙwaryoyinsu.

Da bazara matar Auta ta haihu, namiji. Ina gidan Gwaggo ina gyara mata danga sai ga shi ya yi sallama, da sabuwar hula, baki har kunne. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Gwaggo, an samu ƙaruwa. Na zo karɓar na shafa wa yaro a baki, da na rabon suna, kamar yadda aka saba."

"Kamar yadda aka saba," in ji Gwaggo. Ta miƙe da sandarta, ta ƙi in taimaka mata. Ta duƙa a gindin macen ta tsinto abin da ya zubo, ta cika ƙwarya, ta ajiye a gabansa. 'Yan ƙanana, kore-kore, a yamushe. Ya ɗauki ɗaya ya gatsa, ya yamutsa fuska ya tofar.

"Gwaggo, wannan ai ba ƙwallo a ciki. Ba zaƙi."

"Ina za su samu? Ba su da uba. Ɗauki ka kai wa ɗanka, abin da ka bar masa ke nan."

Bai ɗauka ba. Ya tashi ya karkaɗe gwiwa ya fita, ko sallama babu. Gwaggo ta koma ta zauna ta ja carbinta, ta ce in ci gaba da dangar, akuyoyi na shigowa.

Shi ya sa aka raba na leda a zauren Baba. Ƙullin da aka ba ni yana nan a aljihun rigata, ban kwance ba.

Shekaranjiya ruwan farko ya sauka, jiya mai tarakta ya shiga gonar Auta. Na tsaya a kan iyaka ina kallo. Kututturen na nan tsaye, ba kai, baƙi daga ƙasa, kuma har yanzu ba wanda ya yarda ya zama shi ne ya sa masa gatari. Da tarakta ta iso wurin sai direban ya rage wuta, ya leƙo ya zagi Auta, ya karya kan mota ya kewaye shi, kamar kowace shekara.